Wuƙa Ba Ta da Ƙara

Wanda aka kashe ba ɗan'uwana ba ne na jini. Ƙanin abokina ne, yaron da ke riƙe mana waya yana ɗaukar bidiyo duk ranar da muka taru muna gwada baki a kan kiɗa. Shekararsa 17. Faɗa ne ya kaure tsakanin samarin ɓangare biyu, a kan maganar da har yau in ka tambayi mutum uku za ka ji labari uku. Shi bai san hawa ba bai san sauka ba, ya shiga tsakani don ya raba, aka soke shi a ƙasan haƙarƙari. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Ni gambara nake yi, wato hip-hop, shekara 6 ke nan. Ba ni da kamfani, ba ni da manaja, ba a sa waƙata a rediyo. Irinmu ake kira 'yan bayan fage: mu rubuta, mu shiga ɗaki mu ɗauka, mu tura wa 'yan ɗaruruwan da suka san da zamanmu. Kwana uku da rasuwar barci ya ƙi zuwa, na jawo waya na hau rubutu. Kafin gari ya waye na cika layi 16, kuma a raina na gama rubuta waƙar hana faɗa.

Na kai wa mai haɗa mana kiɗa. Ya girme ni da kusan shekara 10, Yaya nake ce masa. Sutudiyon nasa ɗaki ɗaya ne: kwamfuta, lasifika biyu, ƙaramin fiyano, da wani lungu da ya lulluɓe da barguna inda makirufo yake. Na ce ya kunna min kowane kiɗa in zuba masa. Ya ce a'a, in karanta masa haka nan, kamar wasiƙa.

Na karanta. Ya yi shiru yana juya kujera.

"Ƙanina, da wa kake magana a nan?"

"Da matasa, Yaya."

"Ba da matasa kake ba. Da su kake, kuma suna ji za su gane da su kake."

Ya sa na maimaita layi na 9 da na 10. Cewa na yi mun san layinku, mun san fuskokinku, shirunmu ba tsoro ba ne. Da kiɗa a ƙarƙashinsa layin zai yi daɗi, ɗaki zai ɗauki ihu. Babu kiɗa kuwa sai na ji shi tsirara: barazana ce ta sa rigar nasiha. Kalmar zaman lafiya ta fito sau 3 a baitin, amma duk wanda ke ɗaya ɓangaren in ya saurara abin da zai ji shi ne ku jira mu.

Ban yi da gangan ba, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali. Shekara 6 bakina abu ɗaya ya koya: kirari, cika baki, habaici, zambo. Ni ne, ba kamata, kowa ya ja da ni ya sha ƙasa. A kan haka ake tafa maka a wannan sana'a. Ita kanta ƙafiya tana jan mutum ta hanci. Da ka ƙare layi da fama, rama na tsaye a bakin ƙofa tana jira, gama na bayanta. Ba ka ankara ba ka rubuta za mu rama, za mu gama da su, don kawai amon ya zauna.

Yaya mutum ne mai son tarihi, in ya fara sai ka nemi wurin zama. Ranar ya ce min wannan rigima ta girmi gambarar kanta. A unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, inda ake ƙirga haihuwar hip-hop daga casun da DJ Kool Herc ya haɗa ranar 11 ga Agustan 1973, tun a Disambar 1971 an kashe wani matashi ɗan ƙungiyar Ghetto Brothers da ake kira Black Benjy, yana kan hanyar sulhunta 'yan daba. Mutanensa ba su rama ba, sai suka kira taron shugabannin dabobin a titin Hoe aka ƙulla sulhu. A Agustan 1987 aka harbe mai haɗa kiɗan gambara Scott La Rock a Bronx ɗin, shi ma ya je kashe wata wutar rigima ne da ba tasa ba. A 1988 aka daɓa wa wani matashi wuƙa ya mutu a wurin wasan gambara a zauren Nassau Coliseum na jihar New York. Daga nan abokin aikin Scott, KRS-One, ya tara manyan mawaƙa a ƙarƙashin Stop the Violence Movement, suka saki waƙar "Self Destruction" a 1989, kuɗin ya tafi ga National Urban League, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fatar Amurka. A 1990 mawaƙan gaɓar yammacin Amurka suka yi tasu. Duk da haka an kashe Tupac a Las Vegas a 1996, an kashe Notorious B.I.G. a Los Angeles a 1997.

"Waɗanda duniya ke saurare ke nan," in ji shi. "Kai da mutum ɗari uku ke ji, kar ka shiga lungun nan da tunanin za ka kashe wuta. Ka dai tabbata ba fetur ka riƙo ba."

Abin da ya tsaya min a labarin ba shaharar waƙoƙin ba ce. Mutum biyu daga cikin waɗanda ya ambata masu rabon faɗa ne, kamar yaronmu.

Na koma na sake rubutu, sai na zarce ɗaya gefen. Na cire duk wani ƙaya, na cika baitin da mu haɗa kai, mu rungumi juna, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Yaya bai bari na kai ƙarshe ba, ya ce wannan ai sanarwar rediyo ce, saura in faɗi wanda ya ɗauki nauyi. Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Yaron da ke yawo da wuƙa a ƙugu ya ji wannan karin maganar tun yana goye. Bai hana shi ba. Wanda aka kashe wa ƙani kuwa in ka ce masa ya rungumi kowa, zagi ne.

Sati biyu ban rubuta komai ba. Abin da ya buɗe min hanya wata magana ce da abokina, yayan marigayin, ya yi muna zaune da dare. Ya ce kullum in ya rufe ido sai ya ga kansa yana bin layin su yaron da ya yi kisan, ya san ƙofar, ya san lokacin da ƙanin yaron ke fitowa. Ba ni yake gaya wa ba ma, da kansa yake magana. Nan na gane ba ni da hurumin tsayawa a kan mumbari. Abin da zan iya shi ne in ari bakin mutanen da ke cikin abin, kowa ya faɗi nasa.

Sai na tsara baiti 3. Na farko da bakin wanda ya shiga rabo, daga fitowarsa gida har zuwa lokacin da ya zauna a ƙasa. Na biyu da bakin yayansa, mai neman ramuwa: ya faro da zafi, layi 4 na farko wuta ce zalla, sannan a hankali ya riƙa ƙirga abin da zai biyo baya, har ya iske kansa a gaban wata uwar da ba ta yi masa komai ba. Na uku da bakin wanda ya riƙe wuƙar. Shi ma yaro ne, yana tsare yanzu.

Ga wanda bai san ƙirgar ba: layi ɗaya bugu 4 ne na kiɗa, baiti layi 16, amshi yawanci 8. A kan gudun bugu 90 a minti, baiti ɗaya daƙiƙa 43 ne, ba ƙari. Cikin wannan ɗan taƙin za ka shigar da mutum, ka sa ya yi abu, ka fitar da shi. Da na gwada sai na ga ina haɗiye ƙarshen kalmomi don in cim ma kiɗan, muka rage gudun zuwa 84. Daƙiƙa 3 kacal ya ƙara wa baiti, amma a nan numfashi ya samu wurin zama.

Kiɗan ma bai zo da sauƙi ba. Ina da wani da na taɓa haya a intanet, Yaya ya ce in manta da shi. Kiɗan haya ba naka ba ne kai kaɗai, ana ba duk wanda ya biya, gobe sai ka ji wani ya hau shi yana kirarin sara da suka, kunne kuma ba ya raba muku. Sai ya haɗa sabo, ya yanko 'yar muryar fiyano daga wani tsohon faifai ya jera ta a kan ganguna. Ya yi daɗi har na ji tsigar jikina ta tashi. Kwana biyu ya kira ni ya ce ya cire. Duk waƙar da aka ɗauka haƙƙi biyu ne a kanta, na wanda ya ƙirƙiri karin da na wanda ya mallaki faifan, kuma tun hukuncin da wata kotun New York ta yanke a shari'ar mawaƙin gambara Biz Markie a 1991 aka daina wasa da yankan sautin wani ba izini. Ko da hannunka ka sake kaɗa karin, haƙƙin mai karin yana nan. Mu da ba mu da lauya ba mu da kuɗin izini, ya zauna a gaban fiyanonsa ya ƙirƙiro nasa, 'yan sautuka 5 da ke zagayowa. Bai kai na farkon daɗi ba, in za a faɗi gaskiya. Amma namu ne.

Ranar da ya kunna min cikakken kiɗan, a farkonsa sai na ji ƙas-ƙas na ɗana kunama, sai tau! sannan ganga ta shigo. Haka ake yi, kusan duk kwamfutar mai haɗa kiɗa akwai jakar irin waɗannan sautuka. A wannan karon ni na tsayar da shi.

"Yaya, ba bindiga ba ce fa."

"Na sani. Don a ja hankali ne."

Na gaya masa abin da waɗanda ke wurin suka gaya min. Babu wanda ya ji komai. Ana ta hayaniya, yaron ya ja da baya ya zauna a ƙasa ya dafe gefen cikinsa, suka ɗauka naushi ya sha. Har wani ya ce masa tashi mana. Sai da suka ga rigarsa ta canza launi. Wuƙa ba ta da ƙara. In muka sa harbi mun mayar da mutuwarsa fim, kuma ƙarar harbi a waƙa ado ce, yara na jin ta suna ɗaga yatsu biyu sama. Yaya bai ce komai ba, ya danna ya goge. Wurin ya zama fanko na daƙiƙa 2, muka bar shi haka tukuna.

Muka ɗauki gwaji na kai wa abokina. Baiti na farko ya saurara kansa a ƙasa. Na biyu ya gyaɗa kai, don maganarsa ce. Da na uku ya shigo, inda yaron ke cewa hannuna ya riga tunanina, na ɗauka tsoratarwa zan yi, sai ya zare abin sauraron daga kunnensa ya ajiye.

"Mutumina, uzuri kake nema masa?"

Na ce ba uzuri ba ne. Na ce yaran da nake so su ji waƙar nan ba a baiti na farko za su ga kansu ba, kowa na ganin ba shi za a kashe ba. A na uku za su ga kansu. Ya ce to in je in rera wa uwar wancan, ya tashi ya tafi. Sati 3 bai ɗauki wayata ba.

Na yi ta jujjuya abin. Waƙar tawa ce, amma gawar ba tawa ba ce. Ƙarshe na yanke cewa in mahaifiyar marigayin ta ce a bari, an bari. Na je na gaishe ta, na yi kame-kame, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ba mai sauraron gambara ba ce, rabin abin da muke yi hayaniya take ɗaukarsa. Ta ce in kunna. Na ajiye wayar a gabanta, na zauna ina kallon ƙasa tsawon minti uku da rabi da suka fi min shekara.

Da ta ƙare sai ta ce in mayar da na ƙarshen. Na mayar. Ta ce in sake.

"Uwarsa ma ba ta barci," ta ce. Ba ta ƙara komai a kan wannan ba.

Sannan ta ce, "Ɗana, abu ɗaya. Ku cire sunansa. Ban haife shi don a riƙa kiran sunansa ana rawa ba."

Sunan ya fito sau 4, biyu a ƙarshen layi inda ƙafiya ta rataya a kansa. Na ce to, Mama. Har na miƙe sai na tuna da fankon nan na farkon kiɗa, na tambaye ta ko za ta yarda mu sa muryarsa. A tsofaffin bidiyon da yake ɗaukar mana, ba a ganin fuskarsa, sai dai a ji shi daga bayan waya yana cewa ku fara, ina ɗauka. Ta yi jim, ta ce wannan ku sa.

Cire sunan ya ci min kwana 5. Duk inda na cire sai layin ya rushe, sai na sake gina biyun da ke kusa da shi. Amma da na gama na ga baitin ya fi ƙarfi. Da sunan, labarin yaro ɗaya ne. Babu sunan, duk wanda ya taɓa rasa wani zai sa nasa.

Ɗaukar murya dare biyu muka yi. A kashe fanka, a kashe waya, ka shiga lungun barguna zufa na bin bayanka. Tsakanin bakinka da makirufo kamar taƙi ɗaya, da ɗan tankaɗen nan a tsakiya mai tare iskar baki. Yaya ya saita ƙarfin shigar murya yadda ko na yi ihu ba zai wuce layin ja ba, don muryar da ta fashe a ɗauka ba ta gyaruwa. A takardata na sa alama duk inda zan ja numfashi. Baiti na farko sau 6 na yi shi. Na biyu a ɗauka ta 2 ya zauna, wanda ya ba ni tsoro kaɗan, don ya nuna min wace murya ce ta fi zama a bakina.

Na uku ne ya wahalar da mu. Duk yadda na yi sai ya fito da taƙama, kamar yaron na alfahari. Salon da na saba ke nan, ƙirji a gaba. Yaya ya ce in zauna a ƙasa. Ya sauko da makirufo daidai bakina, ya kashe fitila, ya ce kar in rera, in yi magana kawai kamar mai tsoron a ji shi a ɗaki na gaba. A layi na 13 muryata ta karye. Na ce a sake, ya ce ba za a sake ba. Ita ce a cikin waƙar har yau. Haka kuma ya hana a ninka muryar a wannan baitin. A gambara akan ɗauki murya sau biyu a ɗora don ta yi kauri, a ƙara 'yan ihu a bayan layi. Na biyu mun yi masa haka, ya zama kamar gayya guda ce ke magana. Na uku murya ɗaya ce tilo, ba mai amsa mata.

Amshin kuwa wasa na yi da kalma ɗaya: na faɗa maka, kar ka faɗa cikin faɗa. A rubuce iri ɗaya ne, a baki uku ne, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su. Yarinyar da ta rera mana amshin tana da murya, amma da Yaya ya ɗora mata na'urar gyaran murya, wadda ke jan kowane sauti zuwa ma'aunin kiɗa, sai ukun suka narke suka zama abu ɗaya. Na'urar ba ta san Hausa ba. Dole muka sake karin amshin ya bi hawa da saukar maganar, inda harshe ya sauka kiɗa ya sauka, sannan aka rage na'urar har kusan babu.

Haɗa sautin aikin Yaya ne, ni zama kawai na yi ina hamma. Ya yanke gurnanin da ke ƙasan murya, ya danne inda ta yi tsalle, ya rage kaifin sa da tsa da ke soke kunne. Abu ɗaya na nace a kai: a ji kowace kalma. Mun gwada a lasifikan sutudiyo ta yi daɗi, muka tura wayata sai ganga mai nauyin nan da ake kira 808 ta ɓace ɗungurungum, don ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Ya koma ya ɗan ƙazanta ta yadda za ta riƙa leƙowa. Masu sauraronmu ai a waya za su ji. Wajen ƙarasawa bai matse ta don ta yi ƙara ba, ya ce manhajoji irin su Spotify suna daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, in ka matse taka za su rage ta, ka yi asarar numfashinta a banza.

Kafin mu saki muka rubuta takardar rabo, ni da Yaya da mai amshi, kowa da kasonsa da sa hannunsa. Abota ba ta hana wannan, ita ce ma ke sa a yi. Daga nan sai kamfanin rarrabawa, irin waɗanda ke kai waƙar wanda ba shi da kamfani zuwa Spotify da Apple Music da sauransu. Suna son sautin a tsarin WAV, hoton bango murabba'i mai ɗigo 3000 kowane gefe, su kuma su ba waƙar lambar shaidarta ta ISRC mai harafi da lamba 12. Sun dawo mana da hoton sau ɗaya saboda na rubuta adireshin shafina a jiki, ashe ba a yarda ba. Hoton kansa ba komai ba ne sai waya a ajiye a ƙasa, fuskarta na kallon sama. Na sa ranar fita sati 4 gaba, don masu tsara jerin waƙoƙi na Spotify suna son a miƙa musu aƙalla kwana 7 kafin fita. Na miƙa. Ba su ɗauka ba, ban kuma yi mamaki ba.

Na so in rubuta cewa duk abin da waƙar ta samu na iyalin ne, kamar yadda na 1989 suka yi. Yaya ya ce in yi lissafi tukuna. Tun daga 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan komai a kanta, abin da ke sama da hakan ma ɗigo ne. In na yi shela, mutane za su ɗauka wani abu na shiga gidan, alhali babu. Na bar shelar. Abin da ya shigo na kai, ba shi da yawan da za a faɗa.

Ta fita ranar Juma'a. Muka sa a YouTube da Audiomack, muka tura wa duk wanda muke da lambarsa. Satin farko ta fi duk abin da na taɓa saki tafiya. Wani malamin makaranta ya rubuto yana neman izinin kunna wa ɗalibansa. Wani da ban sani ba ya turo saƙo da tsakar dare, layi ɗaya: ni ne na baiti na biyu. Na amsa masa, bai sake cewa komai ba.

A sati na 3 mai amshinmu ta turo min wani bidiyo ba tare da ta ce uffan ba. A wata manhajar gajerun bidiyo ne. Samari ne su biyar ko shida, fuska a rufe, suna jujjuya wuƙaƙe a gaban kyamara, a ƙarƙashinsu kuma muryata ce. Layi 4 ɗin farko na baiti na biyu suka yanka, wutar nan zalla, suka tsaya daidai inda yayan ya fara ƙirga abin da zai biyo baya. Daƙiƙa 11. An kalli bidiyon fiye da yadda aka saurari waƙar gaba ɗayanta.

Na zauna a bakin gado na kalle shi ya fi sau 10. Na cire barazana daga rubutun farko, na goge harbi, na cire suna, na zauna a ƙasa cikin duhu. Ashe na bar musu daƙiƙa 11, kuma su suka fi komai daɗi a waƙar, na san haka tun ranar da suka zauna a ɗauka ta 2. Na gina baitin ne a kan cewa mai sauraro zai bi ni har layi na 16. Ban yi lissafin almakashi ba.

Muka kai ƙara a manhajar, bayan kwanaki aka sauke wancan, wasu biyu suka fito. Na ce wa Yaya mu janye waƙar mu sake baitin. Ya ce za mu iya, amma sabon yanka sabuwar lamba ce, sabon farawa, kuma wanda ya riga ya sauke tsohuwar a wayarsa ba za ka shiga ka goge masa ba. Magana zarar bunu ce. Abin da muka iya shi ne muka yanka namu gajerun bidiyon, guda 6, ba ko ɗaya da ya taɓa waɗannan layukan, muka yi ta turawa. Wanda ya fi tafiya a ciki shi ne na layi na 13, inda muryar ta karye. Bai kamo nasu ba.

Abokina ne ya kira ni da kansa bayan ya ga bidiyon. Na ɗauka zagi zan sha. Ya ce, "Maganata ce suka ɗauka, ko?" Na ce tawa ce, ni na rubuta. Ya ce a'a, tasa ce, ya san daren da ya faɗe ta. Muka yi shiru a waya. Sannan ya tambaye ni yaushe ne wasa na gaba.

Wasan a wani ƙaramin zaure aka yi, mutanen ba su kai 100 ba. Fitila ta mutu, muryar yaron ta fito daga lasifika, ku fara, ina ɗauka, ganga ta shigo. Na yi baiti na farko, aka yi amshi. Da na biyu ya zo na sauke makirufo, na bar kiɗan yana tafiya shi kaɗai, ina ƙirgawa a zuci don in shiga a layi na 5. Haka nake yi tun daga ranar, duk inda na rera ta. Daga can baya wasu samari suka cike gurbin da bakinsu, kalma bayan kalma, ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Abokina na tsaye a gefen lasifika, hannu a aljihu, bai ɗaga kai ba. Na ɗaga makirufo na shiga a layi na 5.